Wasan da Dokarsa Ke Hannun 'Yan Wasa: Daga Wisconsin Zuwa Majalisun Azare

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan karta a Azare, ko a gindin darbejiya a Zadawa bayan la'asar, ya san ba a raba Whot sai an yi 'yar yarjejeniya. Mai rabo yana cikin gauraya karta wani zai ce, "Malam, biyar tana aiki ko ba ta aiki?" Na gefensa ya ƙara da cewa, "Ana tare fik-tu da fik-tu?" Sai a tsaya a daidaita: guda nawa za a raba wa kowa, ko ana tashi da 20, ko wanda ya manta bai ce "las kad" ba zai koma kasuwa. Baƙon da ya zo daga Potiskum ko Haɗejia, in mai wayo ne, yakan kama bakinsa a zagayen farko har ya gane irin dokar da ake bi a kan wannan tabarma.

Kartar nan kuwa ba a Najeriya aka ƙirƙiro ta ba. Wani Bature ne mai suna William Storey ya fito da ita a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. Amma yadda ake yin ta yau daga Legas har Maiduguri, inda 2 ke sa na gaba ɗaukar biyu, 8 ta tsallake shi, 14 ta kora kowa kasuwa, aikin 'yan wasa ne da suka yi ta ƙari da ragi har abin ya zauna da gindinsa. Babu hukumar da ta zartar da shi.

Wannan ɗabi'a ta gyara doka a wurin wasa ita ce ainihin jarin wani nau'in wasa da ya haura shekara 50 yana jan miliyoyin mutane a duniya, wato wasan kwaikwayon labari a kan tebur, wanda uban tafiyarsa shi ne Dungeons & Dragons. Abin da wannan sharhi ke son kafawa shi ne, in samari da 'yan matan ƙasar Katagum za su ɗauki wannan wasa, fassara littafin Amurka kalma da kalma ita ce hanya mafi rauni. Tarihin wasan kansa ya nuna cewa 'yan wasa ne suka gina shi da dokokin gida, kuma Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa a wannan sana'a.

Yadda ake yin sa

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da fensir da takarda. Ɗaya daga ciki shi ne alƙalin wasa: shi ya zana taswira, shi ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ke magana da bakin duk wanda aka gamu da shi a hanya. Sauran kuma kowa yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, an rubuta sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da rauninsa. Alƙali zai ce, "Kun iso bakin wata tsohuwar rijiya a kufai, igiyar guga ta ruɓe, kuna jin kamar nishi daga can ƙasa." Wani ya ce shi dai a wuce. Wani ya ce zai warware rawaninsa ya ɗaure a reshen kuka ya sauka. In abin da aka yi niyya yana da haɗari, sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ita za ta nuna ko rawanin ya riƙe ko ya tsinke. Ba a cinye kowa, ba wanda ke tashi da kuɗin wani. Ana iya ɗaukar labari guda a yi ta jan sa mako-mako har shekara ta zagayo.

Littafin da ya zo da giɓi

A watan Janairun 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan ta hannun wani ƙaramin kamfani, TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000, kowane dala 10. Dokokin a cakuɗe suke, cike da giɓi, har mutane da yawa ba su iya gane yadda ake wasan ba sai da wani ya nuna musu. Sana'a uku kacal aka tanada: mayaƙi, mai sihiri, da malamin addini mai warkarwa. Marubutan ba su ɓoye giɓin ba. A ƙarshen littafi na uku sun shawarci alƙalai da su yanke abin da suka ga ya dace da kansu maimakon su riƙa aiko da wasiƙun tambaya. A littafi na farko kuma sun ce ɗan wasa yana iya zama kusan kome, ko da dodo ne, muddin zai fara da rauni ya hau a hankali.

Ko waɗannan ukun ma, ɗaya daga ciki gyaran gida ne. Kamar yadda 'yan wasan farko na ƙungiyar Arneson a Minnesota suka ba da labari, wani daga cikinsu ya riƙe wani maye mai shan jini da ake kira Sir Fang, ya gagari kowa. Sai aka ƙago masa kishiya, mai farautar mayu da ƙarfin addini, kuma daga nan malamin addini ya samo asali.

Ɓarawo, wanda yau ake ganin kamar da shi aka haifi wasan, daga wani shagon kayan wasa ya fito, Aero Hobbies da ke Santa Monica a Kalifoniya. 'Yan wasan wurin ne suka ƙaga shi, Gary Switzer ya buga wa Gygax waya ya kwatanta masa, Gygax ya sake masa fasali ya sa shi a ƙarin littafin Greyhawk na 1975. Haka aka ci gaba. A mujallar kamfanin, The Strategic Review, Joe Fischer ya kawo ɗan daji mai bin sau a 1975, Peter Aronson ya kawo mai rufa-ido a shekarar, Doug Schwegman ya kawo mawaƙi a 1976. Duk masu karatu ne, ba ma'aikatan kamfani ba. A Los Angeles kuma wata mata, Lee Gold, ta fara tattara rubuce-rubucen 'yan wasa a wata mujallar sa-kai, Alarums & Excursions, a 1975, ta kuma shafe fiye da shekara 40 tana fitar da ita.

Da kasuwa ta buɗe, sai Gygax ya canza murya. Tsakanin 1977 da 1979 ya fitar da manyan littattafai uku na Advanced Dungeons & Dragons, yana mai cewa ana buƙatar doka guda da kowa zai bi, musamman saboda gasa. Hujjarsa tana da ƙarfi: in kowane gari da dokarsa, ta yaya za a haɗa mutum ɗari a zaure guda a ce wane ya fi? Amma a gidaje mutane suka ci gaba da tsallake shafukan da suka yi musu nauyi. TSR ta faɗa cikin bashi, Wizards of the Coast ya saye ta a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. A 2000 aka fitar da wani lasisi, OGL, da ya ba kowa damar amfani da ƙashin bayan dokokin ya buga nasa littafi. Masu kewar tsohon salo suka yi amfani da wannan ƙofa suka sake gina dokokin farko: OSRIC a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. Marubucin na ƙarshen, Matt Finch, ya fitar da wata 'yar ƙasida a 2008 da ta zama alƙiblar masu wannan ra'ayi, inda ya fifita hukuncin da alƙali zai yanke nan take da hankalinsa a kan dokar da za a tsaya nema a shafi na ɗari uku.

A Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya yi yunƙurin janye wancan lasisi. Dara ta ci gida. 'Yan wasa suka yi ca, wasu suka soke rajistar da suke biya, kafin wata ya ƙare kamfanin ya ja da baya, har ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa.

Abin da ke ƙasa tun da

Zama wani a cikin wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan azumi ya kai goma, yara sukan fito tashe: wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya ɗauki jaka ya zama Jatau mai magani, a Kano kuma ga Nalako sarkin gwagware da tawagarsa. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kowace ta ɗauki tafiyar wani da muryarsa. Mafi kusa da abin da ake magana a kai shi ne kalankuwa, wasan samarin ƙauye bayan kaka, inda ake naɗa gwamna da alƙali da 'yan sanda da likita, a kafa dokokin da za a bi muddin ana wasan, wanda ya karya a gurfanar da shi a ci shi tara. Babu littafin kalankuwa. Kowane gari da yadda yake yi, kuma muƙaman kansu sun riƙa canzawa da zamani, shi ya sa aka sami kakin Turawa a wasan da ya tashi a gona.

Dara ma haka. Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wannan da kara wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Amma abin da aka yarda da shi lokacin zubi, da ɗan da ya halatta a ci, sukan bambanta daga wannan dandali zuwa wancan, kuma tsofaffin 'yan dara ba su taɓa ganin haka a matsayin aibi ba.

Ta fuskar labari kuwa rumbun a cike yake. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu tafiye-tafiye ne na jarumi a ƙasashen mutane da na aljanu. Bayansu ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga kuma littattafan yaƙi na zamanin nan irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari ke karantawa suna kuma sauraro a waya. Mai karatun da ya san waɗannan ba ya buƙatar a koya masa mene ne tsallake daji bakwai don neman abu guda. Abin da bai samu ba tukuna shi ne damar ya ce, "Ni da ni ne, ba ta nan zan bi ba," a kuma bar shi ya bi ta inda yake so.

Kowace baiwa da kuɗinta

Inda dokokin gida suka fi lalacewa shi ne wajen ƙirƙiro sabuwar sana'a. Kowa yana son nasa jarumin ya fi na kowa. Tsohon wasan ya magance wannan da ciniki mai tsauri: mai sihiri a matakin farko dabo ɗaya yake da shi a yini, ba ya sa sulke, ba ya riƙe makamin da ya wuce wuƙa. Wanda ya ɗauki wata halitta mai baiwa ta musamman, an yanke masa matakin da ba zai wuce ba. Duk abin da aka ba mutum da dama, an karɓi wani abu da hagu.

A gwada wannan ma'auni da mutanen da ɗan ƙasar Katagum ya sani. Ɗan tauri: wuƙa da takobi da mashi ba sa kama shi. In aka tsaya a nan an kashe wasan, don babu wanda zai zaɓi wani abu dabam. Amma kowa ya san ɗan tauri yana tsuma in aka kaɗa masa takensa. To, sai doka ta ce sanda da dutse da igiya suna cin sa kamar kowa, kuma in makaɗin abokan gaba ya saki takensa, ba shi da ikon ja da baya sai ya jefa 'yan lido biyu ya sami 9 ko sama. Nan take ya zama mutum mai ƙarfi wanda abokansa ke fargabar tafiya da shi.

Maharbi yana karanta sau, yana da kibiya mai dafi, amma kibansa ƙidayayyu ne kuma haɗa dafi yana cin yini guda. Falke yana jin Barbarci da Fulatanci, yana da mai masauki a kowane zango, sai dai jakunansa suna rage saurin ayari kuma su 'yan fashi ke fara hange. Wanzami yana yin ƙaho ya ɗaure rauni, amma sai an kwana wuri guda. Maroƙi ba ya riƙe makami ko kaɗan, da kirari yake buɗe ƙofar gari, da tsoron zambo yake sa hakimi ya sassauta, sai dai duk inda ya shiga an san shi, ba ya ɓuya, kuma dole a fitar masa da rabonsa. Dillaliya tana shiga gidan da aka rubuta "ba shiga", ta fito da labarin da barde goma ba za su samo ba. Jarinta amana ne: ranar da aka kama ta da ƙarya a gari, ƙofofin wannan gari sun rufe mata.

Huɗu daga cikin waɗannan ba mayaƙa ba ne, kuma a nan ne dokar gida ta fi littafin asali. Wasan Amurka ya tsiro ne daga wasan yaƙi na 'yan sojojin roba, Chainmail na 1971, shi ya sa rabin dokokinsa na sara da suka ne. Labarin Hausa kuwa, tun daga Gizo har Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, ya fi girmama wanda ya kuɓuta da bakinsa.

Akwai lissafi a ciki, kuma duk mai son ƙago doka ya kamata ya san shi. 'Yan lido biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. In aka ce nasara ita ce 7 ko sama, hanya 21 ke kai wa gare ta, wato kusan kashi 58 cikin 100. A ƙara wa gwani maki 1, ya koma 26 cikin 36, kashi 72. A ƙara 2, kashi 83. A ƙara 3, kashi 92, wato kusan ba ya faɗuwa, kuma wanda ba ya faɗuwa ba a jin daɗin kallonsa. Shi ya sa alƙali mai hankali yake rowar maki. Wancan 9 da aka ɗora wa ɗan tauri hanya 10 ce cikin 36, ƙasa da sau ɗaya cikin uku. Ba a kuma buƙatar 'yan lido masu fuska 20 da ake sayowa daga waje. A bugun 1974 kowane makami da ɗan lido mai fuska shida ake auna ɓarnarsa, irin wanda ke cikin kowane kwalin lido a kasuwar Azare.

Ƙasar da ta dace da labari

Mai neman filin da zai kafa labari ba sai ya je nesa ba. Katagum ƙasar iyaka ce. Malam Ibrahim Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa ta a farkon ƙarni na 19 a kan tsofaffin ƙasashe irin su Shira da Tashena, tsakanin daular Sakkwato da Barno, kan hanyar fatake daga Kano zuwa Kukawa. Lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso birnin Katagum a Janairun 1824, ya tarar da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya kuma lura cewa tun fitowarsa daga Barno a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Abokin tafiyarsa, Walter Oudney, a wannan yanki ya rasu cikin watan. Daga baya ƙasar ta sha fama da hare-haren Sarkin Haɗejia Buhari a tsakiyar ƙarnin, Turawa suka shigo a 1903, sannan aka mayar da fada Azare a shekarun 1910. Ga duwatsun Shira, ga fadamun kogin Jama'are da ke cika da damina su yanke hanya. Ayari, zango, ganuwa, kufai, mashigin ruwa: duk abin da alƙalin wasa ke nema yana nan.

Batun wuri ma yana buɗe wata doka. A tsohon wasan, kowane tsabar zinari da jarumi ya fito da shi daga kogo maki ɗaya ne na ɗaukaka. Tun a shekarun 1970 wasu 'yan wasa suka juya ta, suka ce sai abin da aka kashe ake lissafawa. Wannan juyi ya fi dacewa da ƙasar da ake auna mutum da abin da ya bayar. Jarumin da ya dawo da jakar wuri ba zai hau mataki ba sai ya tufatar da maroƙa, ko ya haƙa rijiya a zango, ko ya fanshi wani daga hannun maharan. Doka guda ta canza halin kowa a teburin.

Inda gizo ke saƙar

Akwai ƙorafe-ƙorafe huɗu da bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba.

Na farko addini ne. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk Arewa, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma tana da babi a kan nardu, kuma malamai da yawa suna sa duk wasan jefa ɗan lido a wannan layi ko da babu kuɗi. Fatawa aikin malamai ce, ba ta mai sharhi ba. Abin da za a iya faɗa shi ne ɗan lido ba ginshiƙin wasan ba ne. Amber Diceless na Erick Wujcik, wanda ya fito a 1991, ba a jefa kome a cikinsa. Tebur a Azare yana iya raba wa kowa ƙwallon dabino goma a farkon zama, duk mai son yin abu mai wuya ya biya da ɗaya ko biyu, in sun ƙare ƙarfinsa ya ƙare. Sa'a ta fita, dabara ta shigo. Sharuɗɗa biyu kuma ba sa buƙatar muhawara: ba kuɗi, kuma in an kira salla a tashi.

Na biyu sihiri ne. Amurka ma ta yi wannan rigima. A 1983 wata mata, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan tana zarginsa da koyar da tsafi, maganar ta kai har shirin talabijin na 60 Minutes a 1985, kuma a bugu na biyu na 1989 TSR ta cire sunayen shaiɗanu daga littattafanta. A nan gida, ɗalibai sun shekara da shekaru suna karanta labarin aljanu a Ganɗoki a aji ba tare da an ce sun yi tsafi ba, domin kowa ya san ƙagaggen labari ne. Duk da haka iyaka tana da amfani: kada a sa ayoyi ko sunaye masu tsarki a cikin wasa, kada a kwaikwayi wani tsafi na gaske. Teburin da ya ga dama yana iya cire mai sihiri gaba ɗaya, sana'o'in da aka lissafa a sama sun isa.

Na uku son kai ne, kuma shi ne gaskiyar da ke cikin damuwar Gygax. Alƙalin da ke ƙago doka a tsakiyar wasa yana iya ƙago ta don abokinsa. Maganin a aikace yake: a faɗi lambar da ake nema kafin a jefa, ba bayan an jefa ba. Duk hukuncin da aka yanke a rubuta shi a littafi guda da kowa ke iya dubawa. Dokar da ta yi wa 'yan wasa aiki ta yi wa abokan gabansu. Sabuwar sana'a kuma a gwada ta na 'yan zama, in ta danne sauran a rage mata.

Na huɗu ya fi kowane nauyi a wuri kamar Katagum. Sarakunan da aka ambata ba mutanen tatsuniya ba ne, jikokinsu suna raye, haka jikokin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen. Wasan da zai sa wata ƙabila ta gaske ta zama "dodanni" da ake samun maki in an kashe, ko ya mai da wata sana'a abin raini, zai haifar da faɗa a majalisa. Kamfanin Dungeons & Dragons kansa ya daɗe yana shan suka a kan yadda ya siffanta wasu jinsuna da mugunta tun daga haihuwa, har a 2022 ya sanar da sauya kalmar da yake kiran su da ita. Hanya mafi lafiya ita ce a ari ƙasar, da ganuwarta da fadamarta da kasuwarta, a ƙago sunayen garuruwa da na sarakuna.

Wa zai rubuta?

An yi yunƙurin kai wannan wasa Afirka a kan takarda. Nyambe na Chris Dolunt ya fito a 2002, Spears of the Dawn na Kevin Crawford, wanda aka gina a kan tsohon salo, ya fito a 2013. Ayyuka ne da aka yi da bincike, amma da Turanci aka rubuta su, don masu saye a Amurka da Turai, kuma Afirkar da ke ciki haɗin gambiza ce daga ƙasashe da yawa. A cikin gida, NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu a Abuja ya nuna ana iya ƙera wasannin tebur a Najeriya a sayar, har ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda ke cikin manyan lambobin wannan fage.

Azare tana da waɗanda za su iya ɗaukar nata kason: ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, na jami'ar jiha da ke Gaɗau, malaman Hausa da ke neman abin da zai sa yara su yi magana su yi lissafi a lokaci guda, da masu rubuta labaran yaƙi da tuni suke da masu karatu. Lasisin 2023 ya halatta a ɗauki ginshiƙin dokokin a fassara a gyara a sayar, muddin an ambaci masu shi. Amma abin da ya fi dacewa ɗan littafi ne da bai wuce shafi 30 ba, wanda shagon hoto zai iya bugawa: hanyar warware haɗari guda ɗaya, da ɗan lido ko da ƙwallon dabino, sana'o'i shida ko bakwai kowace da baiwarta da kuɗinta, taswirar gari ɗaya da zango uku, da labarin gwaji da za a gama tsakanin isha'i da ƙarfe goma. Sarkawa, maƙera, gardawa da 'yan kama a bar su da gangan, tare da shafuka biyar farare a ƙarshe, domin teburin Gamawa ko na Misau ya rubuta nasa ya aiko a gani.